Inda Ruwa Ya Yi Shiru

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko ka taɓa tambayar kanka inda ruwan indararon ɗakinka yake ƙarewa? Idan a Ƙauran Namoda kake, zai bi lungu ya faɗa kwata, ya gangara Gulbin Gagare. Idan kuwa a ƙasar Zurmi ko Shinkafi kake, ko dai Gagaren ko Gulbin Bunsuru ne zai karɓe shi. Su biyun sukan kai kayansu Gulbin Rima, Rima ya haɗu da Gulbin Sakkwato, su zuba a Kwara, Kwara kuma ya yi ta tafiya kudu har ya watse cikin Tekun Atlantika. Haka ma layin dogo. Tun 1929 ya iso Ƙaura ya tsaya, ɗaya bakin nasa yana Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Gyaɗa da auduga da fatun da kakanninmu suka ɗora a tasha sun ga teku, su kuwa masu kayan ba su gan ta ba. Yawancinmu ma haka za mu tsufa.

Ni Allah ya nufa na gan ta sau ɗaya, a wani watan Agusta, kuma abin da na gani ya bar mini tambayar da nake so mu ɗauka tare. Ba tambayar masu yawon buɗe ido ba ce. Kai ma kana fuskantarta, ko da ba ka taɓa wuce Gusau ba.

Mun je wani taro ne a Legas, ni da wani saurayi na ƙungiyar matasan ikkilisiyarmu. Da aka tashi, ya matsa mini sai mun ga teku kafin mu koma. Aka sa mu a ƙaramin jirgin ruwa mai inji zuwa wani wuri da ake kira Tarkwa Bay, kusa da bakin mashigar tashar jiragen ruwa, domin mota ba ta zuwa can. Wurin kashi biyu ne. Akwai wani lungu da doguwar katangar duwatsu ta kāre, inda ruwa yake da ɗan sauƙi, iyalai suna zaune a ƙarƙashin rumfuna. A bayan katangar kuma sai buɗaɗɗiyar gaɓa, inda tsohuwar hasumiyar fitilar jirage take, babu abin da ya tsaya tsakaninka da teku. Can muka nufa.

Kafin ido ya gani, kunne ne yake fara ji. Ƙara ce kamar ta aradu mai nisa wadda ba ta ƙarewa. Sa'an nan ka ga raƙuman ruwa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya miƙe ya fi tsayin mutum, ya tanƙware, ya fāɗi da nauyinsa duka a kan rairayi har ka ji ƙasa tana amsawa a tafin ƙafarka. Farin kumfa ya ruga ya lulluɓe maka idon sawu, ya koma yana zare yashin da kake tsaye a kai. Waɗannan raƙuman ba iskar Legas ce ta haife su ba. Guguwar da ta tashi can kudancin Atlantika, nisan dubban kilomitoci, ita ce take turo su, su yi kwanaki suna tafiya kafin su zo su fashe a gabanka. Da damina sun fi ƙarfi. Wanda ya saba da gulbi, wanda yakan cika a Agusta ya zama filin yashi a Maris har yara su buga ƙwallo a cikinsa, da wuya ya gane ruwan da bai taɓa ƙafewa ba tun ranar da aka halicce shi. Na tuna da sura ta 38 ta littafin Ayuba, inda Ubangiji yake tambayar Ayuba ko wane ne ya sa wa teku iyaka. A gida na sha karanta wurin kamar ƙa'ida. A nan na ga iyakar da idona, kuma rairayi ne kawai.

Saurayin nan gwanin ninƙaya ne, ya sha ƙetare Gagare a cike. Ya tsaya yana duban ruwan, har ya hango wani wuri tsakanin farin kumfa na dama da na hagu inda raƙuman ba sa fashewa. Ruwan wurin ya fi duhu, ya kwanta luf kamar tafki. Ya ce mini, “Baba, ga wuri mai sauƙi can.” Ya tuɓe riga ya nufi wurin.

Sai muka ji tsawa daga baya. Wani dattijo ne mai sayar da shayi, mutumin Arewa da ya daɗe a wannan gaɓa, ya taso yana ɗaga hannu. “Kai yaro! Dawo! Nan ne bakin kabari.” Saurayin ya juyo yana dariya, ya ce, “Baba, na iya ruwa. Kuma ai Allah yana nan.” Dattijon ya dube shi ya ce, “Allah yana nan, shi ya sa ya ajiye ni a nan in hana ka.”

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani, daga baya kuma na tarar masana sun faɗi daidai abin da ya faɗa. Duk ruwan da raƙuman suke tulowa a gaɓa dole ya koma. Yakan taru ya nemi wata ɓaraka a tudun yashin da yake ƙarƙashin ruwa, ya bi ta nan da gudu ya nufi tsakiyar teku, kamar ƙorama a cikin teku. Saboda wurin ya fi zurfi, kuma ruwan fita yake yi, raƙuman ba sa fashewa a kansa. Abin da ya sa ya yi shiru ke nan. Gudunsa yakan kai mita biyu a daƙiƙa ɗaya, har ya ɗara, wato ya fi ƙarfin zakaran ninƙaya na duniya. Baƙo yakan guji wurin da yake ruri, ya zaɓi wurin da ya yi shiru, ya miƙa kansa ga abin da zai ɗauke shi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

To, ga tambayar. Saurayin nan bai faɗi ƙarya ba. Allah yana nan, a teku da tudu. Dattijon ma bai faɗi ƙarya ba. A ina ne dogara ga Allah take ƙarewa, gwada Allah ya fara? Kuma idan mai bi ya ja da baya daga haɗari, rashin bangaskiya ne?

Idan Littafi Mai Tsarki yana kusa da kai, buɗe Matiyu sura 4. Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro. Lura da kyau, bai ce masa ya yi sata ko ya yi kisa ba. Abin da ya nema ya yi kama da bangaskiya, har ya kawo masa aya daga Zabura 91 a kan tsaron mala'iku. Alkawarin gaskiya ne, mai karanta shi ne maƙaryaci. Yesu ya amsa da dokar da take cikin Maimaitawar Shari'a sura 6, wadda ta hana gwada Ubangiji, dokar kuwa tana tuna wa Isra'ilawa abin da suka yi a Masaha cikin jeji, inda suka rasa ruwan sha suka mai da buƙatarsu sharaɗi: idan Allah yana tare da mu, ya nuna yanzu. Wannan shi ne gwada Allah. Mutum ya zaɓi wuri, ya zaɓi lokaci, ya jefa kansa cikin abin da ba a aike shi ba, sa'an nan ya ɗora wa Allah nauyin fitar da shi, domin a tabbatar da wani abu a gaban jama'a. Babu wanda yake jiran ceto a gindin Haikalin nan. Dirowar ba za ta ciyar da mayunwaci ko ta warkar da kuturu ba. Akwai matakala, kuma matakalar ma tanadin Allah ce.

Za ka ce mini, Bitrus fa? Ai ya taka ruwa. Gaskiya ne, amma duba sura ta 14 ta Matiyu ka ga bai fid da ƙafa daga jirgi ba sai da ya nemi umarni aka ba shi. Akwai kuma abin da masu wa'azi ba su cika faɗa ba: sauran almajiran sun zauna cikin jirgi, kuma ba a rubuta cewa an tsawata musu don sun zauna ba. Mutum ɗaya aka kira a daren nan.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce maka ka guji haɗari kawai, mu rufe littafi. Amma abin da na gani bayan mun gama shan shayi ya hana ni faɗin haka. Wasu samarin wurin suka zo, kowanne riƙe da wani dogon allo mai kama da ƙyauren ɗaki, irin wanda ake hawan igiyar ruwa da shi. Suka tsaya suna duban teku na ɗan lokaci, ba wanda ya yi magana. Sai suka shiga, kuma ta ina? Ta wurin nan da aka hana mu. Suka kwanta a kan allunansu, ruwan mai fita ya ɗauke su ya kai su bayan inda raƙuman suke fashewa ba tare da sun wahala ba, suka karkata gefe suka fita daga cikinsa, suka jira babban raƙumi, suka miƙe tsaye a kansa ya kawo su gaɓa. Ruwan da zai kashe ɗan Ƙaura, shi ne hanyar ɗan Tarkwa. Masunta ma kullum suna ratsa irin wannan ruwa da kwale-kwale, don in ba su ratsa ba gida ba za a ci ba. Ashe ba girman haɗari ne yake raba bangaskiya da ganganci ba.

Ka tuna da yadda bishara ta iso mana. Ranar 4 ga Disamba 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin shigowa ƙasashenmu na Arewa. A lokacin ba a gina katangun duwatsun nan ba. Manyan jirage sukan tsaya can waje, a sauke mutane cikin ƙanana su ratsa tudun yashin da yake bakin mashiga, inda ruwa ya sha cin mutane. Waɗanda suka riga su zuwa sun gargaɗe su cewa tafiyar ba za ta yiwu ba. Gowans da Kent suka shiga cikin ƙasa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham, wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a Legas, ya koma gida. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya sake kayar da shi, aka sake mai da shi. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902, kuma daga wannan aiki ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Wane ne mai bangaskiya cikin su ukun? Waɗanda suka ci gaba suka mutu, ko wanda ya koma sau biyu ya rayu? Ni ban isa in raba su ba. Kaburburan biyun farko sun zama kira ga waɗanda suka biyo baya, komawar na ukun kuma ita ce ta sa aka sami wanda zai tara ma'aikata ya aiko. Haka Bulus: a Dimashƙu ya yarda aka zura shi cikin kwando ta katangar birni da dare ya tsere, amma daga baya da 'yan'uwa suka roƙe shi da kuka kada ya je Urushalima, ya tafi. Mutum ɗaya ne, bangaskiya ɗaya ce. Ubangijinmu kansa an gudu da shi Masar yana jariri. Ya kauce wa Yahudiya sa'ad da ake neman ransa lokaci bai yi ba, ya umarci almajiransa su gudu zuwa wani gari idan an tsananta musu a wannan, da sa'arsa ta yi kuma ya miƙe zuwa Urushalima yana sane da abin da yake jiransa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Amma ragon da kullum baya yake ja, shi ma akwai magana a kansa.

Yanzu bari mu dawo gida, inda tekunmu take. Ba sai na faɗa maka halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi suka shiga a shekarun nan ba. Ka san yadda ake tambaya a tasha kafin mota ta tashi. Ka tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a jiharmu. Ka san gonakin da suka koma daji don masu su ba sa iya zuwa. A cikin wannan hali kowane gida yana yanke hukuncin da saurayin nan ya tsaya yankewa a bakin ruwa: in tafi ko in zauna? In noma gonar nesa ko in bar ta? In kwashe iyali zuwa Gusau ko Zariya, ko in tsaya a garin da aka binne iyayena?

Abin da yake damuna shi ne yadda muke yi wa juna shari'a a kan wannan. Na ji an ce da iyalin da suka yi ƙaura sun gudu sun bar Allah, kamar dai Allah mazaunin unguwarsu ne. Na kuma ji an ce da mai bisharar da ya ƙi barin 'yan tsirarun tumakinsa wawa ne mai neman suna. Duka maganganun biyu zunubi ne, domin mai faɗarsu yana tsaye a tudu yana auna ruwan da ba shi ne zai shiga ba. Wanda aka ba kiwon garke da wanda aka ba 'ya'ya mata huɗu ba tambaya ɗaya za a yi musu ba.

Sai dai kada wannan ya zama mafaka ga kowa ya yi abin da ya ga dama. Akwai tambayoyin da ya kamata ka yi wa kanka a gaban Allah, kuma ta farko ita ce ko wa ya aike ka. Idan ungozoma ce aka kira cikin dare, ko ɗa ne zai kai mahaifiyarsa asibiti, ko dattijon ikkilisiya ne zai je ya tsaya tare da waɗanda aka yi wa rashi, akwai wani a ɗaya gefen ruwan da yake jira. Idan kuwa don kada a ce ka ji tsoro ne, ko don ribar da za ta iya jiran gobe, ko don ka dawo ka ba da shaida mai daɗin ji ranar Lahadi, to, ƙololuwar Haikali ce kake tsaye a kai, ko da bakinka cike yake da ayoyi. Ka kuma tambayi kanka ko ka saurari waɗanda suka san ruwan. Direban da ya ce yau hanya ba ta yi masa ba, manomin da ya ce dajin ya yi shiru fiye da kima, maƙwabcinka Musulmi da ya ce ka dakata: Allah ba ya jin nauyin yin magana ta bakinsu. Dattijon nan mai shayi ba mai bin Almasihu ba ne, amma ban yi shakka ba cewa muryar jinƙan Ubangiji muka ji a bakinsa. A cikin Ayyukan Manzanni sura 27 ma, Bulus, mutumin da ya fi kowa bangaskiya a jirgin, shi ne ya ba da shawarar kada a tashi, don lokacin tafiyar teku ya wuce.

Akwai kuma wadda ta fi nauyi: wa zai biya idan abin ya ɓaci? Dattijon ya ce mana sau da yawa ba wanda ruwa ya fara ja ne yake mutuwa ba, wanda ya faɗa don ya cece shi ne. Da saurayin nan ya shiga, da ni zan bi shi, ni da ban iya ruwa ba, don ba zan iya komawa Ƙaura in dubi idon mahaifiyarsa ba. Wanda ya ce ransa ne shi kaɗai ya sa a haɗari bai yi lissafi daidai ba. Mun ga gidajen da aka sayar da gona da shanu, mun ga baikon da aka tara don rufin majami'a ya tafi wajen karɓo mutum. Idan tafiyar ta wajibi ce, ikkilisiya za ta ɗauki wannan kaya da ƙauna ba gunaguni. Idan ta nuna bajinta ce, an ɗora wa gwauraye da marayu kuɗin gwajin da ba su suka shirya ba.

A ɗaya gefen kuma, tsoro ma ya iya sa rigar hikima. Mutum zai ce yana taka-tsantsan ne, alhali ya shekara bai leƙa ɗan'uwansa da aka kora daga ƙauye ba, ga shi a gari ɗaya suke. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, zuciyarka ta san shi.

Saura waɗanda ba su zaɓa ba. Wataƙila kai mai karanta wannan ba ka shiga ruwa da ganganci ba, kana tsaye a inda ya kamata ruwa ya zo ya ɗauke ka: an kwashe dabbobinka, ko an tafi da naka, ko ka wayi gari kana kwana a ajin makarantar firamare a garin da ba naka ba. Na tambayi dattijon abin da mutum zai yi idan ruwan nan ya riga ya kama shi. Ya ce ruwan ba ya jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa kawai yake kai shi. Abin da yake kashewa shi ne mutum ya ga tudu yana nisa, ya firgita, ya juya yana dambe da ruwan gaba da gaba har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda zai tsira shi ne wanda ya kwanta rigingine ya bar ruwan ya ɗauke shi, yana numfashi, ya ɗaga hannu ɗaya don na tudu su gani. Ƙoramar ba ta da fāɗi sosai, kuma ba ta tafiya har abada, can gaba takan rasa ƙarfi. Sa'an nan mutum ya yi iyo ta gefe, ya nufi inda raƙuman suke fashewa, wurin nan mai ruri da ya ji tsoro da farko, su ne za su turo shi gida.

Na daɗe ina juya wannan a zuciyata. Ɗaga hannu yana da wuya ga mutumin da ya saba bayarwa. Na san magidantan da suka gwammace su nutse a ɓoye da a ji a zumuntar maza cewa ba su da abin cefane. Amma jirgin da Bulus yake ciki, da ya farfashe a gaɓar Malita, mutum 276 ne a cikinsa. Waɗanda suka iya iyo suka yi iyo, sauran suka rungumi katakai da tarkacen jirgin, kuma littafin bai ce waɗanda suka zo a kan katako sun fi na farko ƙarancin bangaskiya ba. An ƙidaya su duka a tudu. Mu kuma da muke tsaye a gaɓa a wannan shekara, aikinmu ne mu riƙa duban ruwa ko akwai hannu a sama.

Da rana ta yi sanyi, saurayin nan, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya je ya durƙusa kusa da dattijon ya ce, “Baba, to ta ina zan shiga?” Dattijon ya nuna masa lungun da yake bayan katangar duwatsu, ya ce kada ruwa ya wuce masa ƙugu, kuma kada ya juya wa teku baya. Muka koma can tare. Shi ya shiga har ƙugu, ni na naɗe wando na tsaya iya gwiwa. Na ɗebi ruwan da tafin hannu na kai baki, ina tunanin ko a cikinsa akwai ɗigon da ya sauko daga indararon gidanmu ya bi Gagare. Gishiri ya cika mini baki, na tofar, saurayin yana ta yi mini dariya.